Zan Sayi Tsohuwar Fijo 504 a Zariya: Me Zan Bari Yadda Yake, Me Zan Canza?

Tambaya: Wani malami matashi da ke zaune a Samaru ya rubuto cewa ya ga Peugeot 504 salun ta farkon shekarun 1980 a ajiye a wani gida a Tudun Wada, irin wadda marigayi mahaifinsa ya riƙa kai su makaranta a ciki. Mai motar ya rasu, iyalinsa za su sayar. Shi burinsa ya bar ta yadda ta fito daga kamfani, ko kusa ɗaya kada a canza. Abokansa sun ce ya sa mata injin Toyota da manyan tayoyi da fitilun zamani. Maiɗakinsa kuwa ta ce 'ya'yanta ba za su shiga motar da ba ta da bel a kujerar baya ba. Maganar wa zai bi?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa aljanna ce makomarsa. Ka gaida maiɗakin naka, domin a cikinku duka maganarta ce ta fi kusa da daidai. Ban ce ka watsar da burinka ba. Ina ɗan shekara goma sha shida na fara kwanciya a ƙarƙashin Fijo a wani gareji a Sabon Gari, kuma har yau in na ji ƙarar injin 504 daga nesa sai na waiwaya. Na san abin da kake ji game da motar nan. Sai dai ina son mu gyara ma'anar kalmar “asali” tukuna, don a nan mutane da yawa ke ɓata.

Mota ce da ta cancanci a adana ta. A 1968 aka fito da ita a Faransa, a 1969 ta zama gwarzuwar motar shekara ta Turai, a 1975 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka. A wannan shekarar ta 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, nan kusa da mu, kuma bayan Turai ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har wajen 2006. Shi ya sa kayanta ba su yanke ba. Abin da ka rasa a Sabon Gari, da wuya ka rasa shi a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Wannan babbar sa'a ce a gare ka, domin kusan duk gyaran da zan faɗa maka ana iya yin sa da kayan gidan Fijo, ba sai an yi mata dashen baƙon abu ba.

To mene ne asalin mota? Surarta, launinta, injinta da ƙararsa, kujerunta, sitiyarinta, dashbod, zakin da ke gabanta, lambobin da aka buga a jikinta. Waɗannan su ne abin da idonka ya sani tun kana yaro. Amma roba, da mai, da taya, da tiyo, da bel, da waya, waɗanda suka ƙera motar ma ba su yi su don su shekara arba'in ba. Kayan ci ne, ana canza su kamar yadda ake canza baƙin mai. Wanda ya bar tiyon birkin 1982 a jikin mota yana cewa asali yake karewa, ruɓa yake karewa. Ƙa'idar da nake bi a garejina ita ce: duk abin da ke tsayar da mota, ko ya nuna maka hanya, ko ya riƙe ka a kujera, ko ya hana gobara, a sabunta shi ba tare da jayayya ba, a yi aikin inda ido ba ya gani, kuma a yi shi yadda za a iya kwancewa gobe. Sauran a bar kaza cikin gashinta.

Kafin mu kai ga gyara, akwai maganar saye. Ka ce mai motar ya rasu. Ke nan motar ta zama gado, kuma ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar da ita sai da yardar sauran magada ko bayan an raba ta faɗo a rabonsa. Kada kunya ta hana ka tambaya. A rubuta takardar ciniki, wakilin magada ya sa hannu, shaidu su sa, in da hali har da mai unguwa. Na ga wanda ya kashe kuɗi ya farfaɗo da mota tas, sannan wani ɗa da ke aiki a Legas ya dawo ya ce ba da saninsa aka sayar da motar ubansa ba. Sannan ka ɗaga bonet da kanka ka karanta lambar bodi da lambar inji, ka haɗa su da abin da ke cikin takardu harafi bayan harafi. Inji da aka taɓa canzawa ba laifi ba ne a motar da ta yi wannan shekaru, amma ya kamata ka sani kafin ka biya, farashin kuma ya nuna haka.

Yanzu abin da ya fi komai: bodi. Salun ɗin 504 ba ta da wata shasi dabam da aka ɗora gida a kai kamar babbar mota. Jikin nata shi ne ƙashin bayanta. Shokozoba a jikinsa yake ɗaure, sitiyari haka, kujera haka, bel haka. In ƙarfen ya ruɓe, duk abin da za ka ɗaura masa na aminci a kan iska ka ɗaura. Inji ana sauke shi a gyara, giya ana samu, amma ruɓaɓɓen bodi rami ne da ba ya cika.

Mu a nan Zariya muna da rangwame, iskarmu busasshiya ce, ba kamar motocin Legas da Fatakwal da gishirin teku ke cinyewa ba. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Motar da ta shekara goma a ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, ganye ya toshe magudanan da ke gindin gilashin gaba, robar gilashi ta bushe da zafin bazara, kowace damina ruwa na sauka cikin kafet ya kwanta. Daga waje fes, daga ƙasa kuwa sai addu'a. Ka je da rana tsaka, da tocila, da sukudireba, da ɗan mayen ƙarfe irin na bayan lasifika. Ka ɗage kafet na gefen direba da na fasinja har ka ga ƙarfe tsirara. Ka danna bakin sukudireba da ƙarfi a kusurwoyi, musamman inda ƙafar kujera ta zauna da gindin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, domin nan ne bel yake kamawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi ƙwal. Ruɓaɓɓe kuwa za ka ji ya yi laushi, yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, wani lokaci sukudireban ya wuce ka hango ƙasa. Ka duba ƙarƙashin mazaunin batir inda ruwan batir ke zuba, da saman shokozoban gaba a cikin bonet, da kasan but, da gindin ƙofofi. Sai ka naɗe mayen ƙarfen a ƙyalle ka bi jikin motar da shi a hankali. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki ya zame, fanel-bita ya cika wurin da fila. Fila kaɗan a ƙofa ba komai. Fila mai kauri a ginshiƙi ko a dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, ko alamar walda da ta ratsa kasan motar daga gefe zuwa gefe, wannan mota ce da ta taɓa yin mummunan haɗari ko aka haɗa ta daga biyu. Ka yi musu godiya ka tafi, ko da launinta ɗaya da ta mahaifinka.

Ni na fi son in ga tsohon fenti da ya koɗe a kan sabon fenti mai sheƙi. Koɗaɗɗen fenti ba ya ɓoye komai.

In bodi ya yi, ka saya, amma kada ka tuƙo ta gida. A jawo ta ko a ɗauko ta zuwa gareji. Kuma ka ware kuɗi a gefe, a ganina aƙalla rabin abin da ka biya, don aikin da zai biyo baya. Wanda ya zuba duk abin da ke aljihunsa wajen saye shi ne ke ƙarewa da “bari mu lallaɓa haka tukuna”, kuma birki ba ya karɓar lallaɓawa.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa nake tsanantawa a nan. Shekarun baya na sayi wata wagon da ta daɗe a ajiye. Na canza mata fad ɗin birki, na canza lainin birkin baya, na zuba sabon man birki. Tiyoyin roba na duba su da ido, na ga ba tsaga, na bar su. Ranar wata Juma'a da yamma na taso daga Samaru, ƙanena na gefena, muna dab da Kwangila sai wata tirela ta ja birki a gabanmu. Na taka, na ji fedar ta riƙe na ɗan lokaci, sai kawai ta nutse kusan ƙasa. Tiyon gaba na dama ya fashe. Abin da Allah ya sa ya cece mu shi ne masta ɗin motar, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu, mai layi biyu ce, birkin baya bai tafi tare da na gaba ba. Da shi da birkin hannu da sauke giya na samu na raɓa gefen titi, tazarar da ta rage tsakaninmu da bayan tirelar ba ta kai tsawon mutum ba. Washegari na yanka sauran tiyoyin da reza. Ta waje baƙi sumul, ta ciki zaren ya rududduge, robar ta kumbura har ramin ya kusa toshewa. Tun ranar ban ƙara yarda da ido a kan tiyon birki ba.

Saboda haka a birki komai na roba sabo za a sa: tiyoyi duka, robobin masta ko ma sabuwar masta ɗungurungum, robobin kowace ƙafa. Bututun ƙarfe in sun yi tsatsa a canza su da na birki na gaske, ba jan ƙarfen masu gyaran firji ba. Ka tabbatar masta mai layi biyu ce. In ka tarar da mai layi ɗaya, kamar yadda ake samu a motocin da suka girme ta, wannan shi ne canji na farko da zan ce ka yi ko da ya saɓa wa yadda ta fito, domin a layi ɗaya huda guda ta isa ta kwashe birkin ƙafa huɗu a lokaci ɗaya. Mastar 504 ta baya-bayan nan tana zama a gurbin, ba mai ganewa sai wanda ya san aikin.

Ka sa a bi kowane bututu da hannu har ƙarshensa. Akwai wata mummunar al'ada a tsakanin wasu abokan sana'armu: in ƙafa ɗaya na yoyo, sai a daddale bututunta da guduma a kashe ta, mota ta ci gaba da tafiya da birki uku. Haka kuma a ƙarƙashin 504 ta baya akwai wani ɗan bawul da ke rage ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyin da aka ɗora wa motar. In ya sanƙare, da yawa cire shi suke yi su haɗa bututu kai tsaye. A busasshiyar kwalta ba za ka lura ba. Ranar da aka yi ruwan farko, kwalta ta yi santsi, ka taka da ƙarfi, tayoyin baya su riga na gaba kullewa, sai ka ga motar ta juyo tana kallon inda ta fito. A mayar da shi, a saita shi. Man birki kuwa DOT 4 daga rufaffiyar gora, a zubar a sake duk shekara biyu, saboda yana shan danshi daga iska. Sabonsa sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa zuwa 155, kuma man da ya tafasa tururi ne, taka shi kamar taka soso. Gwajin sabo (servo), wato tukunyar da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi a kan birki, shi ma mai sauƙi ne: inji a kashe ka taka birki sau biyar har ya yi tauri, ka riƙe, ka tayar da mota. In fedar ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka, sabo na aiki.

Yayin da motar ke kan rami, a duba sitiyari: tairod, boljoyin, da wani faifan roba da ke haɗa sandar sitiyari da na ƙasa. Ba tsada gare shi ba, amma shi ne tsakanin hannunka da tayoyi.

Taya ba sai na daɗe ba. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In lambobi uku ka gani, tun kafin 2000 aka yi ta. Tayar da ta shekara a tsaye a rana, ko zanenta na nan kamar sabuwa, ta mutu. Sababbi biyar za ka saya har da safaya, ba 'yan Beljiyam ba, kuma a kan girman da kamfani ya sa, inci 14, a kan rim ɗinta na ƙarfe. Nan asali da aminci bakinsu ɗaya. Manyan rim da siririyar taya da abokanka ke so suna ƙara wa sitiyari nauyi, suna cin boris, suna kashe laushin nan da aka san 504 da shi a kan gargada, kuma tunda ramukan notinta ba irin na yawancin motocin Japan ba ne, sai an fafe ko an yi dabara kafin su zauna. Ba na son dabara a wurin da noti huɗu ke riƙe da ran mutum.

Mu zo kan maganar maiɗakinka. Bel mai kama kafaɗa da ƙugu, wani injiniyan Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi, aka fara sa shi a mota a 1959, wato ya girmi 504 kanta. Ba baƙon abu ba ne a zamaninta. A Najeriya kuma tun 2003 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta ɗaura shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Ka yi lissafi da kanka, kai malami ne: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowane sakan. In ta tsaya farat ɗaya, yaron da ke kujerar baya bai tsaya ba, da wannan gudun zai ci gaba har sai ya haɗu da wani abu. Ba hannun uwar da zai iya riƙe shi.

Bel ɗin gaba da ke jikin motar, ko yana nan, a cire. Rana ta shekara arba'in ta cinye zarensa. A sa sabo mai naɗe kansa, baƙi, kusan ba a bambanta shi da na da. Kada ka sayi wanda aka ciro daga motar da ta yi haɗari, bel sau ɗaya yake aikinsa. A baya, ka ɗaga kujerar ka duba, sau da yawa akan tarar da ramukan noti da kamfani ya riga ya tanada an toshe su da roba ko kafet ya rufe su. In suna nan, aiki ya yi sauƙi. In babu, a huda, amma dole a sa farantin ƙarfe mai kauri da faɗi ta ƙarƙashi, da notin bel na ainihi. Noti da 'yar wosha a kan siririn ƙarfe fizgewa zai yi kamar maɓalli a tsohuwar riga. Wannan shi ne wuri ɗaya tak da na yarda a huda jikin motar, kuma ba na jin ɗar a kai. Ƙananan yara kuma sai da kujerarsu ta yara wadda ake ɗaurewa da bel ɗin. In kujerun gaba ba su da matashin ƙeya, ka nemo kujerun 504 masu shi ka sa a yi musu rufi irin na motar, tsofaffin ka ajiye. Wanda aka taɓa daka daga baya a cunkoson PZ ya san amfaninsa a wuyansa.

Abin da na ga ya fi cinye tsofaffin motoci a garin nan ba karo ba ne, wuta ce. Tsohon tiyon fetur ya tsage, mai ya ɗiga a kan inji mai zafi, ko wayar da rewaya goma suka yi wa ɗori a shekara arba'in ta goga da bodi. Ka buɗe akwatin fiyus. In ka ga an naɗe fiyus da zaren waya ko takardar kwalin sigari, ka san motar ba ta da mai tsaronta. A mayar da kowane fiyus daidai ƙarfinsa, a warware duk wani ɗori a sake shi da kyau, a ɗaure batir da maɗaurinsa ba da igiyar roba ba, a sa makunnin yanke wuta a kan batir don ranar da za ta kwana biyu ba a tayar ba. Tiyon fetur daga tanki har kafireto sabo, da maɗauri a kowane baki. In ka tarar an ajiye galan a but ana jan mai daga ciki saboda tanki ya yi datti, a sauke tankin a wanke ko a sake. Abin kashe gobara kuma a ɗaure shi inda hannunka zai kai kana zaune, ba can ƙarƙashin kaya a but don nuna wa jami'ai ba.

Cikin dilko, mai raba wuta ga fulogogi, ana iya cire kwantak, ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa a cikinsa, a sa na lantarki wanda ba ya bukatar saiti. Daga waje ba a gani, mota kuma ta daina mutuwa ba dalili. Ni ina lissafa wannan cikin aminci, domin mutuwar mota da magariba tsakanin Zariya da Kaduna ba ƙaramin abu ba ne.

Fitilu: matsalar tsohuwar Fijo yawanci ba ƙwan ba ne, wutar ce ba ta isa gare shi, tana ɓacewa a tsofaffin wayoyi da makunni, kwanon da ke bayan ƙwan kuma ya dushe. A sa rile biyu, wato ƙananan makunnan da ke kai wuta kai tsaye daga batir, a ɓoye kusa da batir, a gyara wayar at, wadda ke haɗe da bodi, a sa sabon kwano da ƙwan halojin mai wat 60 da 55, a saita su a jikin bango. Za ka yi mamakin hasken. Farin ƙwan zamani da ake cusawa a tsohon kwano watsa haske yake yi ko'ina, ya makantar da mai tahowa, a hazon hunturu kuma ya dawo maka a ido kamar farin bango. Fitilun baya da na birki su ma a wanke gilasansu a tabbatar suna ci sosai, don direban tanka ya hango ka da wuri. Gilashin gaba, ka duba tambarin da ke kusurwarsa. Tsofaffin motoci da yawa suna da irin wanda in dutse ya same shi yake rikiɗewa gaba ɗaya ya zama kamar ƙanƙara, ka daina ganin gabanka kana cikin gudu. Mai leda a tsakiya tsagewa kawai yake yi ya tsaya. In za ka canza robar gilashi, ka sa irin wannan gaba ɗaya.

Injin Toyota kuwa, a'a. Ba don injin ba shi da kyau ba. Injin 504 a karkace yake kwance, giyarsa da bututun da ke kai ƙarfi baya an tsara su tare, kuma kafin baƙon inji ya zauna sai an yanka, an yi walda, an sake wayarin. Ka ƙara mata gudun da birkinta da jikinta ba su san shi ba, ka ɓata lambar da ke takarda, ka kuma rasa ƙarar da ta sa ka son motar tun farko. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Injinta mai lita biyu, in an yi masa aiki da kaya masu kyau, an wanke lagireto, zai kai ka duk inda ya kamata motar nan ta je. In kana son ta rage kuka da shan mai a doguwar hanya, giya mai biyar ta gidan Fijo tana shiga. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wasu na tambayata game da mayar da irinta mai amfani da gas. Motar da za ka fita da ita sau ɗaya ko biyu a mako ba za ta mayar maka da kuɗin ba, ga huda but. In dai ka nace, to a wurin da hukuma ta amince, da tukunyar da aka yi don wannan aiki, domin matsin da ke cikinta ya kai 200 a ma'aunin bar, kuma tukunyar da aka yi wa walda a bakin titi bam ce. Dashbod ma kada ka bari a yanka don rediyon zamani, a ɓoye ƙarami a cikin aljihun gaba. Duk abin da aka cire mai kyau, ka sa a kwali, ka rubuta sunansa, ka ajiye. Darajar motar na tare da kwalin nan.

Da a ce 404 ce ko Volkswagen mai inji a baya ka gani, da na ƙara ja maka kunne. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, yawancin motocin da suka riga wannan rana sitiyarinsu a dama yake, kuma wuce tirela da irinsu a hanyar Funtuwa caca ce da rai. Marsandi 200 ko 230 ta 1976 zuwa 1985 ta fi su ƙarfin jiki, amma kayanta sun fi tsada. A cikinsu duka 504 ce ta fi sauƙin riƙewa a Zariya.

Akwai gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba. Ko ka yi duk abin da na lissafa, ba ta zama motar zamani ba. Ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, ƙofofinta ba su da kariyar da na yanzu ke da ita. Mutanenmu na son cewa motar da ƙarfe ce, ta yanzu gwangwani. A 2009 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta haɗa Chevrolet ta 1959 da ta 2009 gaba da gaba a gudun kilomita 64. Sabuwar gabanta ya murƙushe, ɗakin direba ya tsaya. Tsohuwar kuwa ɗakin ne ya rufta, sitiyari ya taso wa mutum-mutumin da ke kujera. 504 ta fi waccan tsohuwar tsari nesa ba kusa ba, amma darasin ya shafe ta: gaban motar zamani yana lanƙwashewa ne da gangan don ya shanye bugun da jikinka zai sha.

Don haka sauran amincin yana ga inda kake kai ta da yadda kake tuƙa ta. Ƙarfin bugu ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkawa yake yi: daga 80 zuwa 110 ya kusa ninki biyu. Ni tawa ba na wuce 80 da ita, kuma ina barin tazarar da za ta ishe ni in tsaya ko da na gaba ya tsaya cak. Masallacin Juma'a, ziyarar 'yan'uwa a cikin birni, ɗaurin aure, zuwa kallon hawa da Sallah, zagayen yamma daga Samaru zuwa Shika, duk waɗannan da yara a baya a ɗaure, ban ga laifi ba. Tafiyar Kano ko Kaduna da iyali, ko tafiyar dare, ko cikin ruwan sama mai ƙarfi, ka ɗauki motarka ta kullum. In kuwa wannan ce za ta zama motarka ɗaya tilo, ta aiki da kasuwa da asibiti da tsakar dare, to shawarata ka dakata har Allah ya hore maka ta biyu.

Ranar da aka gama aiki, kafin kowa ya shiga, ka ɗauki bakaniken ku nemi miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa da sassafe. Ku taka birki da ƙarfi a gudun 30, sannan 50, sannan 70, hannunka sako-sako a kan sitiyari, ka ga ko tana ja gefe. Ku sauka ku kai bayan hannu kusa da kowane rim, in ɗaya ya fi sauran zafi, ƙafar na riƙewa. Ku leƙa ƙasa ku nemi ɗigo, ku shinshina ko akwai warin fetur. In duk sun yi, ka sabunta takardu da inshora, sannan ka je gida ka miƙa wa maiɗakin naka bel ɗin baya ta fizga da hannunta ta ji ya kulle.